MURAR ZOMO: A DAINA ƊURA MASA KAFSO DA KA

Ya ku manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, zancenmu na wannan mako a kan zomo ne, watau zomon gida da ake sawa a keji, ba na daji wanda maharba ke bi da karnuka ba. Kiwon zomo ya yawaita yanzu a birni da ƙauye. Wani yana kiwonsa don nama, wani don ya sayar ya sami na cefane, wani kuwa akawu ne ya saya wa 'ya'yansa guda biyu don sha'awa, su riƙa ba su ganye in sun taso daga makaranta. Duk abu ne mai kyau. Zomanya takan ɗauki ciki kamar kwana 31, ta haifi 'ya'ya 6 ko 8, ba ta bukatar makiyayi, ba ta kuwa shiga gonar kowa balle ta jawo wa mai ita ƙara.

Amma akwai wata ɗabi'a da ta bi kiwon nan ta shigo, tana kuwa ɓarna ƙwarai. Da zomo ya yi atishawa sau biyu, hancinsa ya jiƙe, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso, a ɓare a kaɗa a ruwa a ɗura masa. In ba kafso, sai a ɗebo garin maganin kaji da ya rage a zuba masa a ruwan sha. Bayan 'yan kwanaki sai a wayi gari zomo ya miƙe, gindinsa kaca-kaca da zawo, mai shi ya ce ai mura ce ta kashe shi. Sau da yawa murar ba ta da laifi. Maganin ne ya yi kisan.

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne kada kowa ya ba zomo maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik, sai likitan dabbobi ya duba ya faɗi irin da za a ba shi da yawansa. Ga dalilanmu nan, mai karatu ya auna da kansa.

MECE CE MURAR ZOMO?

Yawancin murar zomo wata ƙwayar cuta ce ta jinsin bakteriya ke kawo ta, sunanta fasturela. An sa mata sunan Louis Pasteur ne, masanin nan na Faransa wanda ya yi bincike a kanta a shekarar 1880, lokacin da yake neman rigakafin kwalarar kaji. Danginta ne ke kawo kwalarar kaji, su ne kuma ke kawo wata cuta mai kumbura maƙogwaron shanu. Ban da ita akwai wasu ƙwayoyin da kan shiga hancin zomo, kamar wadda ake kira bodetela.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne zomaye da yawa suna ɗauke da fasturela a cikin hancinsu alhali lafiyarsu ƙalau, suna ci suna sha suna haihuwa. Ƙwayar tana nan a laɓe. Sai ran da jikin zomo ya yi rauni, saboda zafi ko cunkoso ko ƙura ko zarnin fitsari ko wahalar tafiya ko yawan haihuwa, sa'an nan ta tashi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamunta ba su da wuyar ganewa. Da fari atishawa ce da ruwa-ruwa a hanci. In ta yi gaba sai majina ta yi kauri ta yi fari. Ka kama zomon ka duba cikin ƙafafunsa na gaba, za ka tarar gashin wurin ya dunƙule ya bushe, don da su yake share hanci. Idanu sukan yi hawaye ko kwantsa. In an bar ta takan bi ta shiga kunne, ka ga zomo ya karkace kai yana juyi kamar mai jiri. Takan sauka huhu, takan kuma fito da ƙurji a ƙarƙashin fata mai mugunya mai kauri kamar cuku.

Akwai kuma wani abu game da halittar zomo. Ta hanci kaɗai yake numfashi. Saboda haka toshewar hancin da ba ta hana ɗan akuya kiwo tana iya kai zomo ga halaka. Duk zomon da ka gani ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki yana neman iska, to, ba na jiran gobe ba ne, sai a nemi likita a ranar.

Har wa yau ba kowace majina ce fasturela ba. Haƙoran zomo ba su daina tsiro duk tsawon ransa, in saiwar haƙorin sama ta lalace sai ta sa hawaye da majina, kafso kuwa ba ya gyara haƙori. Wani zubin ƙaiƙayi ne ko ɗan tsinken ciyawa ya maƙale a hanci. Wani zubin ƙurar hunturu ce kurum. Mafi muni duka, akwai annobar zomaye mai sa zubar jini, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, aka kuma tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 2020. Ita wannan ƙwayar bairos ce ke kawo ta, tana kashe zomaye farat ɗaya, wasu da jini a hanci, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos ko kaɗan. To, wanda ya ji atishawa kawai ya ruga kemis, da wace cuta yake yaƙi a cikin waɗannan?

CIKIN ZOMO DABAN YAKE

Ga inda gizo ke saƙar. A mahaɗar ƙaramin hanjin zomo da babba akwai wata jaka babba, ita ce mafi girma a cikin kayan cikinsa. Jakar nan cike take da ƙananan halittu masu amfani waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narka masa ciyawa da harawa. Da dare ko da asuba zomo yakan fitar da wani kashi mai laushi daga jakar nan, ya karɓe shi da baki ya sake haɗiyewa, ta haka yake samun wasu sinadaran gina jiki. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙazanta ce, alhali kuwa rayuwarsa ke nan.

In aka ba zomo wasu irin antibayotik ta baki, sai su bi su karkashe halittun nan masu amfani. Da wuri ya zama kango, sai wata muguwar bakteriya mai suna kulostiridiyam, wadda dā take a takure, ta sami fili ta hayayyafa, ta zuba dafi a cikin hanji. Zomo ya daina ci, ciki ya kumbura, zawo ya ɓarke, ya mutu. Wani cikin kwana 2 ko 3, wani sai bayan mako guda, har mai shi ya manta ya ba da magani. Ga shi kuwa zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Magungunan da aka sani da wannan ɓarna in an ba da su ta baki su ne fenisilin, da amfisilin, da amoksisilin, da linkomaisin, da kilindamaisin, da eritiromaisin, da dangin sefalosiforin. Ku lura da kyau, cikinsu akwai waɗanda suka fi kowane magani sauƙin samu a kemis da tiren 'yan talla, irin su Ampiclox da Amoxil da Augmentin. Garin maganin kaji da ake sayarwa a leda kuwa sau da yawa gauraye ne, iri uku ko huɗu a haɗe, ba wuya ka sami eritiromaisin ko fenisilin a ciki. Abin da kaza ta sha ta tashi, shi zomo zai sha ya kwanta. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Sai kuma batun awo. Kafso mai miligiram 500 an yi shi ne don babban mutum mai nauyin kilo 60 ko fi. Zomayen da ke hannun mutanenmu da yawansu ba su wuce kilo 2 ko 3 ba. Ko da maganin mai kyau ne, wa ya auna?

YADDA LIKITA KE YI

Kada wani ya ɗauka muna cewa murar zomo ba ta da magani. Akwai magungunan da cikin zomo ke jurewa, likitocin dabbobi kuwa sun san su. Akwai enrofuloksasin, wanda aka fi sani da Baytril. Akwai haɗin tirimetofirim da salfa, irin wanda mutane suka sani da Septrin. Akwai doksisaikilin da azitiromaisin. Har fenisilin ɗin nan da muka ce guba ce ta baki, likita yakan yi allurarta a ƙarƙashin fata a wasu lokuta, don allura ba ta bi ta hanji kai tsaye. Mun faɗi sunayen nan don mai kiwo ya gane abin da likita ya rubuta masa. Zaɓi da awo aikin likita ne, gama kowane ɗaya yana da nasa sharaɗi. Enrofuloksasin, alal misali, ana yin hattara da shi ga ƙananan dabbobi masu tasowa saboda gaɓoɓinsu.

Likitan kirki zai ɗora zomo a sikeli, ya saurari ƙirjinsa, ya leƙa haƙora da kunnuwa. Inda akwai ɗakin gwaji, yakan ɗebi majina a shuka ta, a ga wace ƙwaya ce da kuma maganin da ke kashe ta. Sa'an nan ya faɗi kwanakin da za a yi ana bayarwa. Murar zomo ba ta jin magani da wuri. Mako 2 shi ne kaɗan, sau da yawa sai an kai mako 4 ko fiye.

A nan ne masu kiwo da dama ke faɗuwa. Da an yi kwana 3 majina ta tsaya, sai a rufe kwalba a ajiye, a ce ya warke. Ƙwayoyi masu rauni sun mutu, masu taurin kai sun saura, su ne za su hayayyafa. In cutar ta komo sai maganin jiya ya zama ruwa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a jawabin da ya yi lokacin karɓar kyautar Nobel a 1945, cewa shan maganin da bai kai awo ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Gargaɗin ya tabbata. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum kamar miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani. Ƙwayar da ta koyi jure magani a keji ba ta san iyakar keji ba, ga yara suna wasa a wurin, ga tukunya tana jira. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Zuba magani a ruwan sha shi ma ba dabara ba ce ga zomo. Mara lafiya ba ya shan ruwa sosai, balle in ruwan ya yi ɗaci. Mai lafiya kuwa, musamman da bazara, sai ya sha fiye da kima. Ka ga wanda ake so ya samu bai samu ba, wanda ba ya bukata ya ƙoshi. Daidai shi ne a ba kowane mara lafiya nasa awo a baki da sirinji mara allura, a hankali ta gefen baki, kada ya shaƙe. Kuma a kiyayi allurar nan ta deksametason da wasu ke haɗawa da kowane magani, gama tana karya garkuwar jikin zomo, ta ba cutar ƙarfi.

Muddin ana ba da magani a sa ido a kan abu biyu, ci da kashi. In zomo ya kai awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ko zawo ya fara, a dakata a sanar da likita nan da nan.

Mai kiwo don nama yana da ƙarin nauyi a wuyansa. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira bayan an gama shi kafin a yanka dabba a ci. A tambayi likita, a kuma cika kwanakin. Akwai ma wanda bai kamata a ba dabbar da za a ci ba sam, kamar kuloramfenikol, wanda Tarayyar Turai ta hana ba dabbobin abinci tun 1994, domin yana iya lalata ɓargon mutum ya hana shi yin jini.

ABIN DA MASU MUSU ZA SU CE

Mun san wani zai ce, malam, kana zaune a ofis kana rubutu, mu nan ƙauyenmu ina muka ga likitan dabbobi? Kuɗin mota zuwa birni ma ya fi kuɗin zomon. Maganar nan gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amma a duba lissafin da kyau. Mai zomo 20 in ya zuba maganin da bai dace ba a ruwan shansu, ba guda ɗaya ya sa a caca ba, duka 20 ɗin ne. Wanda kuwa ya ware mara lafiya, ya gyara keji, ya share masa hanci da tsumma mai ɗumi, ya ba shi ɗanyen ganye da ruwa mai tsabta har ya sami mai sani, bai yi asarar kome ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sa'an nan ba a fafe gora ranar tafiya. Tun zomaye suna lafiya ya kamata mai kiwo ya san inda asibitin dabbobi mafi kusa yake, ya karɓi lambar wayar malamin dabbobi na yankinsa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Akwai kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana da ofisoshi a jihohi. In zomaye suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, hukumar dabbobi ya kamata a gaya wa, kada a kwashi sauran a kai kasuwa a raba wa jama'a annoba. Masu kiwo na unguwa ɗaya kuwa in suka haɗa kai suka kira likita rana ɗaya, kuɗin ba zai yi wa kowa nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani kuma zai ce, ni na ba nawa kafso ya kuwa warke. Yana yiwuwa. Ba kowane zomo ke mutuwa ba, kuma wata atishawar da ma ƙura ce, za ta tafi ko ba magani. Wanda ya haye kogi da damina bai nutse ba, ba shi ne shaidar kogin ba ya cin mutum ba.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Ko da maganin da ya dace, fasturela ba safai take fita daga jikin zomo ƙaƙaf ba. Takan lafa, zomon ya ci gaba da ɗaukarta, uwa kuma ta sa wa 'ya'yanta. Saboda haka zomon sha'awa na yara, wanda suka shaƙu da shi, a yi masa magani a keɓe shi a wuri mai iska, zai iya shekaru yana lafiya. Amma mai kiwo don kasuwa, in zomo yana yi masa mura yau da gobe, to, ya cire shi daga cikin masu haihuwa. Sayar da shi ga wani a matsayin iri kuwa ha'inci ne.

GYARAN KEJI

Rigakafi ya fi magani, rigakafin murar zomo kuwa yana hannun kafinta da mai shara. Asalin zomon gida daga ƙasashen Sifen da Fotugal yake, inda kakanninsa ke kwana a rami mai sanyi. Ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake rage zafi. In zafi ya haura digiri 30 yana cikin wahala, mu kuwa da bazara mukan wuce 40. To, a sa keji a inuwa, gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfar zana, kada a bar kwano tsirara a kansa rana tana duka.

A ɗaga keji daga ƙasa don fitsari da kashi su zube. A share ƙarƙashinsa kullum. Gwajin mai sauƙi ne: ka sunkuya ka sa hancinka daidai inda hancin zomo yake, in zarni ya buge ka har idonka ya yi yaji, ka sani abin da yake shaƙa ke nan dare da rana, zarnin nan kuwa yana cinye fatar cikin hanci ya buɗe wa cuta ƙofa. Da hunturu a tare gefen da iska ke bugowa da buhu ko zana, amma kada a toshe keji ruf don tsoron sanyi, gama rashin iska ya fi sanyi yi masa illa. Harawar gyaɗa ko ta wake a kakkaɓe ta a waje kafin a ba su, wadda ta yi fumfuna a zubar. Dusa in ta cika gari a ɗan yayyafa mata ruwa. Kada a cunkusa su, kada kuma a haɗa su wuri ɗaya da kaji.

Sabon zomo da aka sayo, kome kyansa, a ajiye shi nesa da sauran har kwana 30. Haka wanda aka aro don barbara. A wurin saye a duba hanci, a juya ƙafafun gaba. In akwai mara lafiya a gida, a fara ba masu lafiya abinci, shi a zo masa a ƙarshe, kwanonsa daban, a kuma wanke hannu da sabulu. Yaron da zomo ya ciza ko ya yakusa a wanke wurin sosai, in ya kumbura a kai shi asibiti, don fasturela tana iya shiga rauni.

Ku kuma masu kemis da masu shagon maganin dabbobi, wannan magana ta shafe ku. In yaro ya zo ya ce a ba shi maganin murar zomo, ribar kafso biyu ba ta kai a sa shi kuka gobe ba. Ku ce masa ya je ya zo da takardar likita. Mai kiwon da ka tsirar wa garke shi ne zai dawo shagonka shekara da shekaru.

Ku iyaye da kuka saya wa yara zomo, ku koya musu tun yau cewa in ya yi atishawa, abin yi na fari shi ne a ware shi, a share kejinsa, a duba ko yana ci, a zo a gaya wa babba. Kwalbar magani kuwa ta zauna inda take sai likita ya ce a ɗauko.

Sai mako mai zuwa.